Kamashon talla daga waje: a karɓa da USDT ko ta banki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu harkar tallan kamasho ce, wato ka tallata hajar kamfani ta mahaɗinka, in an saya a ba ka la'ada. Kamfanoni da yawa yanzu suna jera zaɓi a wurin biya: turawa ta banki kai tsaye, Payoneer, ko USDT, wato kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Ga wanda ke zaune a Najeriya, kamashonsa bai wuce dala 150 zuwa 400 a wata ba, wanne ya fi? Don Allah a zo da lissafi, kada a ce mini "kirifto ne gaba" a tsaya nan.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a kai ga wanne ya fi, a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai lokacin da kamfani ke riƙe kamashon kafin ya amince da shi, akwai kuma lokacin da kuɗin ke yi a hanya bayan an sake shi. Kirifto na biyun kaɗai yake gajartawa. Idan yarjejeniyar ta ce sai kwana 30 bayan ƙarshen wata, to kwana 30 ɗin nan suna nan, ko da me za a biya ki. Amazon ma kusan kwana 60 take yi bayan ƙarshen wata, kuma ba ta biya da kirifto sam. Dalilin riƙon shi ne mai saye yana iya mayar da kaya ko ya ce katinsa aka sace, sai a zare kamashon tun bai fito ba.

To bayan an saki kuɗin. Turawa ta SWIFT, wato hanyar tura kuɗi tsakanin bankunan ƙasashe, zuwa asusun dala a Najeriya takan ɗauki kwana 2 zuwa 5 na aiki. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, haka ranakun hutun Amurka irin 4 ga Yuli. Kuma kuɗin ba ya tahowa kai tsaye. Bankin kamfanin zai miƙa wa wani banki na tsakiya, galibi a New York, wanda bankinki ke da asusu a wurinsa, sannan ya iso. Kowa ya taɓa sai ya gutsura. Abin da aka saba gani tsakanin dala 15 ne zuwa 30 ke zubewa a hanya, wani lokaci fiye. A kan dala 150, dala 25 kashi 16 ne cikin 100 da ɗoriya. A kan dala 3,000 kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Shi ya sa SWIFT ba ta ƙaramin kamasho ba ce.

Injiniya:
Daidai. USDT kuwa a kan layin Tron, ɗaya daga hanyoyin da kirifto ke bi, minti biyu zuwa biyar ya isa, ko ranar Sallah ce, kuma abin da kamfani ke cirewa na turawa galibi dala ɗaya ne zuwa uku. Kuɗin turawar bai damu da yawan abin da aka tura ba, dala 50 da dala 5,000 duk ɗaya ne. Ga adadin da Hajiya ta ambata, a wannan matakin USDT ya yi wa SWIFT fintinkau.

Ɗan Wapa:
A wannan matakin, Injiniya, ka faɗi gaskiya. Amma ba a cefane da USDT a kasuwar Yankaba. Sai an mai da shi naira, kuma a nan gizo ke saƙa. Zan dawo kan wannan, ku gama naku tukuna.

Abu Hanif:
Akwai ta uku da ke tsakiya, kuma ita ce ta fi dacewa a gwada da USDT ba SWIFT ba. Payoneer, Grey da Raenest suna ba mutum lambar asusu ta Amurka da sunansa, da lambar banki mai alƙaluma 9. Kamfanin zai biya kamar yana biyan ɗan Amurka, ta tsarin cikin gida da ake kira ACH, kwana 1 zuwa 3, ba bankin tsakiya da zai ci komai. Inda suke samun nasu shi ne wurin mayarwa naira. Su ke sa farashin, kuma yakan gaza na kasuwa da kashi 1 zuwa 3. Payoneer kuma tana da kuɗin shekara na dala 29.95 ga asusun da abin da ke shiga cikinsa bai kai ƙa'idarsu ba, don haka mai ƙaramin kamasho ya karanta wannan shafin kafin ya buɗe.

Kuskuren da ke yawan faruwa: kamfani ya tambayi lambar turawa ta wire, wato turawar banki kai tsaye, mutum ya sa ta ACH, ko akasin haka. Wasu asusun na ACH kaɗai suke karɓa. Kuɗin zai koma, a yi sati biyu ana jira, wataƙila sai zagayen biya na gaba.

Maman Ilham:
Na gode Malam. To a yi mini misali ɗaya da dala 300, kowace hanya nawa ke shiga hannu?

Akanta:
Bari in yi, Hajiya, amma farashin misali ne, ki sa na ranar da kike lissafi. A ɗauka dala tana naira 1,500 a kasuwa.

SWIFT: dala 300, an ci 25 a hanya, saura 275. Kin cire takardar dala a banki kin kai wa ɗan canji, naira 412,500. Ban sa kuɗin mota da wunin da za ki yi a layi ba.

Asusun Amurka na manhaja: dala 300 ta shigo cikakka ko an cire kaɗan, an canza a 1,465, wajen naira 439,500.

USDT: an cire 2, saura 298, kin sayar a 1,495, naira 445,510.

Kin ga tsakanin na biyu da na uku naira dubu shida ne. Abin tambaya shi ne ko dubu shidan nan ta kai a ɗauki haɗarin da ke tare da ita. Idan kamashon ya kai dala 3,000 kuwa, lissafin juyawa yake: SWIFT ta ci 25 kawai, alhali kashi 2 na manhaja dala 60 ne.

Ɗan Wapa:
Kuma a tuna dalilin da ya sa kirifto ya yi suna a wannan harka. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, na kasuwa yana wajen 750. Duk wanda dalarsa ta biyo hanyar da ake canza masa a farashin hukuma, kusan kashi 40 ya tafi. A lokacin ko mahaukaci ya san USDT ya fi. Da Babban Banki ya saki naira, tazarar ta tsuke ƙwarai. Mutane da yawa har yanzu da lissafin 2022 suke magana.

Injiniya:
Ban ƙi ba. Amma akwai kamfanonin da mafi ƙarancin abin da za su tura ta banki dala 500 ne ko 1,000, na USDT kuwa dala 50 ko 100. Mai samun 150 a wata sai ya jira aƙalla wata huɗu kuɗinsa na hannun wasu. In kamfanin ya rufe asusunsa ko shi kansa ya ruguje a tsakani, shi ke nan. Cire kuɗi da wuri kariya ce.

Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda ake karɓa ba tare da an yi ɓari ba, don yawancin asarar ba sata ba ce, kuskuren layi ne.

USDT guda ɗaya ne a suna, amma yana tafiya a layuka daban daban. Na Tron shi ne TRC20, adireshinsa, wato lambar da ake turo kuɗi a kai, yana farawa da T, haruffa 34. Na Ethereum shi ne ERC20, yana farawa da 0x, haruffa 42. Na BNB shi ne BEP20, shi ma 0x ne, haruffa 42, ba abin da ya bambanta shi da na Ethereum a ido. A nan tarkon yake. Idan ka sa adireshin T a gurbin ERC20, tsarin zai ƙi karɓa, ka tsira. Amma tsakanin ERC20 da BEP20 ba zai ƙi ba, zai tura abinsa.

In hakan ta faru, a duba ina adireshin yake. Idan walat ɗinka ne na kanka, wato manhajar ajiyar kirifto irin Trust Wallet ko MetaMask, kuɗin bai ɓata ba, makulli ɗaya ne ke buɗe adireshin a layukan biyu. Ka kunna layin da aka turo ta kai, ka sa ɗan kirifton wannan layin, BNB ko ETH, na kuɗin turawa, ka kwashe. Idan kuwa adireshin kasuwar kirifto ne kuma ba su karɓar wannan layin, sai roƙo. Wasu za su dawo da shi bayan makonni su cire ladansu, wasu su ce ba yadda za su yi.

Abu na biyu, USDT ba ya biyan kuɗin motar kansa. Idan yana walat ɗinka na Tron, sai da TRX, kirifton layin Tron, za ka iya motsa shi. Turawa ɗaya tana cin makamashin layi, wanda da TRX ake biyansa, wajen 65,000 idan adireshin da za ka tura wa yana da USDT a ciki, ta ninka idan babu. Mutum zai ga dala 300 a walat, ya danna turawa a ce masa ba hali, ya ɗauka an damfare shi, alhali TRX na 'yan daloli ne babu. A sayi TRX 30 a ajiye tun kafin kamashon farko ya zo.

Na uku, gwaji. Kamashon farko a nemi mafi ƙanƙantar abin da suke yarda, a ga ya iso, sannan a bar adireshin yadda yake.

Ɗan Birni:
Yaya Injiniya, to wanne ya fi, a ba kamfani adireshin kasuwa ko na walat ɗin kai?

Injiniya:
Kowanne da ciwonsa, ƙanina. Adireshin kasuwa ya fi sauƙi ga wanda zai sayar nan take: ba ruwanka da TRX, kuɗi na shiga ka sayar. Amma ka duba mafi ƙarancin abin da suke karɓa, don abin da bai kai ba ba sa sa maka shi. Kuma sukan sauya adireshin ajiya su aiko da sanarwa, in ba ka gani ba ka bar tsohon a shafin kamfani. Ga kuma babban, kuɗin yana hannunsu ne ba hannunka ba. Kasuwar FTX ta faɗi a Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a a ciki. An yi wa Bybit kutse a Fabrairun 2025 aka kwashe wajen dala biliyan 1.5, duk da dai sun cike gurbin ba su hana kowa cirewa ba. Binance ta daina hulɗa da naira a Maris na 2024, masu dogaro da ita kaɗai suka wayi gari suna neman wata ƙofa.

Walat ɗin kai kuwa ba mai rufe maka, amma kalmomi 12 na sirri da ake ba ka wurin buɗe shi su ne kuɗin. A rubuta su a takarda, kwafi biyu, wuri biyu. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a ajiye su a WhatsApp ko imel. Duk wanda ya nemi su, ko ya ce shi ma'aikacin kamfanin walat ne, ɓarawo ne. Waya ta faɗa ruwa babu takarda, ba ofishin da za ka je da katin ɗan ƙasa a buɗe maka.

Shawarata: abin kashewa ya sauka a kasuwa a sayar a ranar, abin ajiya ya koma walat.

Abu Hanif:
Wannan shi ne bambancin da ban son a wuce shi da sauri. A banki kuskure yana da magani, ko da mai ɗaci. Idan kuɗi ya maƙale, ka nemi kamfanin ya ba ka takardar shaidar turawa, wadda aka saba kira MT103, da lambar bibiya ta UETR mai haruffa 36. Da ita bankinka zai ga inda kuɗin ya tsaya. In suna bai yi daidai ba, kuɗin zai koma wa mai shi, an rage 'yan daloli, a sake turowa. A kirifto kuskure naka ne kai kaɗai. Kuma kuɗin ajiya a bankin kasuwanci hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC tana tsaya masa har naira miliyan 5 tun 2024. USDT ba mai tsaya masa.

Ga masu buɗe asusun dala: BVN, NIN, katin shaida, takardar wuta ko wata shaidar adireshi, wasu bankunan har da mutum biyu masu tsaya maka. Wurin cike fom a shafin kamfani, Najeriya ba ta amfani da IBAN, lambar asusunka mai alƙaluma 10 za ka sa, da lambar SWIFT ta bankinka mai haruffa 8 ko 11. Ka nemi bankin ya ba ka takardar bayanin bankinsu na tsakiya na dala, don na yuro da na fam daban ne. Suna kuma ya zama yadda yake a asusu harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a tsayar da kuɗi. In akwai zaɓin wa zai biya kuɗin hanya, OUR na nufin kamfani ya ɗauki duka, SHA a raba, BEN duk a kanka. Yawanci SHA suke sawa ba tare da sun tambaya ba, amma mai kawo musu ciniki sosai yana iya roƙon manajansa a mai da shi OUR.

Ɗan Wapa:
To yanzu ga nawa. Sayar da USDT hanya biyu ce. Ko ka sayar wa kamfani mai rajista ya turo maka naira daga asusunsa, ko ka shiga P2P, wato ka sayar wa wani mutum kai tsaye ta manhajar kasuwar kirifto. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ta ba kamfanonin kirifto Quidax da Busha amincewar farko a Agustan 2024. Farashinsu yakan ɗan gaza na P2P, amma nairar da ke shigo maka ka san daga ina ta fito.

A P2P ba ka sani ba. Ga yadda ake shiga uku: ɗan damfara ya yaudari wata baiwar Allah a kan zai sayar mata da waya, ya ba ta lambar asusunka a matsayin nasa. Ta turo naira 445,000, kai ka ga alat ka sakar masa USDT, ya ɓace. Ita kuma ta kai ƙara, a bi sawun kuɗi, a same su a asusunka. Banki ya sa maka takunkumin hana cirewa, ba a kan 445,000 kaɗai ba, a kan duk abin da ke ciki. Warware wannan yana iya cin watanni da zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Garin neman dubu shida an rufe miliyan.

Ƙa'idojin da ba a sassautawa: sunan wanda ya turo naira ya zama shi ne sunan da ke manhajar, in ya bambanta a mayar masa da kuɗinsa a ɗaukaka ƙara a cikin manhajar. Ba a sakin USDT da saƙon tes ko hoton rasit, sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya hau. Ba a fita daga manhaja a koma WhatsApp don an ƙara maka naira 10 a kan kowace dala. Mai farashin da ya ɗara na kowa da nisa, ruwa ba ya tsami banza. A zaɓi ɗan kasuwa mai dubban cinikai da aka kammala. Kuma a ware asusu guda don wannan kaɗai, kuɗi na shiga a kwashe, kada ya zama asusun da albashi ko jarin shago ke ciki.

Ɗan Birni:
Ranka ya daɗe, ai na ji an ce gwamnati ta haramta kirifto, asusun da aka gani ma rufewa ake yi.

Akanta:
Labarinka ya tsufa. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto, ya ce a rufe asusun masu harkar. Ko a lokacin ba a ce mallakar sa laifi ba ne. A Disambar 2023 ya janye, ya fitar da ƙa'idojin buɗe wa kamfanonin asusu. Dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin SEC. Abin da hukuma ba ta so shi ne P2P, don tana ganin da shi ake wasa da farashin naira, kuma a 2024 manhajojin banki da dama sun gargaɗi abokan hulɗarsu a kan haka. Saboda haka halas ne a doka, amma ƙofar da ka bi wurin sayarwa ita ce magana.

Sai haraji, tunda ba mai son a ambata. Kamasho kuɗin shiga ne, ko da dala ya zo, ko da USDT, ko da buhun gero. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a biyan komai a kanta, abin da ya haura ana biya mataki mataki, kuma mutum ɗaya hukumar harajin jiharsa yake biya. Mai dala 300 a wata ya wuce wannan layin tun a wata na biyu.

Inda banki ya fi ƙarfi shi ne shaida. Bayanan asusu na wata shida da ke nuna sunan kamfani ɗaya yana turo dala duk wata, wannan takarda ce da ofishin jakadanci ko mai ba da bashi zai gane. Bayanan mai P2P kuwa sunaye arba'in ne na mutanen da bai taɓa gani ba, kowa ya turo dubu ɗari huɗu. Je ka yi wa jami'in biza bayani. Duk mai karɓa da USDT ya buɗe littafi: ranar biya, adadi, lambar shaidar turawa ta TxID, hoton shafin kamfani da ke nuna kamashon, farashin da ya sayar, da wanda ya saya. Ranar da banki ya tambayi tushen kuɗi, wannan littafin ne lauyanka.

Kamfanonin Amurka kuma za su ba ka fom W-8BEN, na shaidar kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne. Ka cike shi da gaskiya. In ba ka cike ba suna iya riƙe biya ko su yanki wani kaso. Zaɓen USDT ba ya ɗauke maka wannan a kamfanin kirki.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ku dai riƙa cewa dalar Amurka, don mu a nan Nijar sefa biyar muke kira dala, in ka ce dala 300, sefa 1,500 ka ambata, ko kuɗin kabu-kabu na wuni ba su kai ba. Mu lissafinmu daban ne kaɗan. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Saboda haka in kamfanin na Turai ne kuma yana biya da yuro, ba mu da fargabar canji, sai kuɗin hanya da ladan banki. Wanda ya karɓi USDT shi ya jawo wa kansa hawa da saukar dalar Amurka a kan yuro. Kuma masu sayen USDT da sefa ba su kai na Najeriya yawa ba, tazarar saye da sayarwa ta fi faɗi. Wasu sai sun mai da shi naira sannan sefa, canji biyu, asara biyu.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne Alhaji, lissafin na mai naira ne.

Wani abu da ban faɗa ba: in an ba da zaɓin Bitcoin ko wani koyin na kamfanin kansa, a bar shi. Kamasho ladan aiki ne, ba jarin caca ba. Bitcoin ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya sauko ƙasa da 16,000. Ko a kwana ɗaya yana iya zubar da kashi 5 kafin ka farka. Wanda ke son Bitcoin ya karɓi USDT, ya saya da gangan da abin da ya ware.

Su ma kuɗaɗen kirifto masu daidaito da dala, irin su UST da USDC, ba duka ɗaya ba ne. UST ya rushe a Mayun 2022 ya zama ba komai. USDC ya sauko wajen santi 88 a Maris na 2023 lokacin da bankin Silicon Valley ya faɗi da dala biliyan 3.3 na ajiyarsu, ya dawo bayan 'yan kwanaki. Kamfanin Tether mai fitar da USDT kuma yana da ikon daskarar da USDT a kowane adireshi, kuma yana yi idan hukumomi suka nema. Saboda haka in kamfanin da ke biyanka kuɗinsa ba su da tsabta, dattin yana iya biyo ka har kasuwar da za ka ajiye, su riƙe su ce ka kawo bayani.

Almajirin Malam:
Nan nake jira a zo. Ku lura da su wa suka fi son biya da kirifto kaɗai: gidajen caca, dillalan canjin kuɗi na intanet marasa rajista, da masu alkawarin riba kullum. Ba duka ba, akwai kamfanonin VPN da na ajiye shafuka da kasuwannin kirifto na gaske. Amma kamfanin da ba shi da hanyar banki ko ɗaya, a tambaya me ya sa banki ya ƙi shi. Dillanci halas ne, la'ada halas ce, idan hajar halas ce. Malamai sun yi saɓani a kan kirifto kansa, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa, amma la'adar jawo mutum caca ba wanda ya yi saɓani a kanta, ko ta banki aka biya. Kuma CBEX, dandalin zuba jari na bogi da ya rufe a Afrilun 2025, kamashon gayyata da USDT ake biya. Waɗanda suka gayyato 'yan'uwa su aka fara riƙe wa wuya.

Maman Ilham:
Allah ya saka, Malam. To akwai alamar da za a gane na bogi tun kafin a yi musu wahala?

Ɗan Wapa:
Babbar alama: a ce sai kin tura wani abu kafin a sakar miki kamashonki, ko da sunan kuɗin tantancewa, ko haraji, ko buɗe walat. Mai biya cirewa yake yi daga abin da zai ba ki, ba ya karɓa. Ta biyu, a turo miki mahaɗi a ce ki haɗa walat ɗinki don karɓar biya. Karɓa ba ta bukatar komai sai adireshi. In kika haɗa kika danna amincewa, kin ba su izinin kwashe abin da ke ciki.

Injiniya:
Ƙari a kan haka, akwai USDT na jabu. Kowa yana iya ƙirƙirar koyin ya sa masa wannan suna da tambari. In an ce an biya, a karɓi TxID a sa a Tronscan, shafin bibiyar turawa a layin Tron, a ga an rubuta an kammala, a ga adireshinki ne, a kuma gwada adireshin kwantiragin, wato lambar shaidar shi kansa koyin ɗin, da wanda ke shafin Tether. Idan walat ya nuna 300 amma bai nuna darajarsa da dala ba, da walakin.

Sannan kada a taɓa kwafo adireshi daga tarihin hulɗa. Ɓarayi suna ƙera adireshi mai farko da ƙarshe irin naki, su turo miki ɗan ƙwaya ko sifili don ya bayyana a jerin, ranar da kika kwafo daga can nasu kika ɗauka. A kwafo daga maɓallin karɓa, bayan an liƙa a duba haruffa shida na farko, shida na ƙarshe, da wasu a tsakiya, don akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke musanya adireshi tsakanin kwafa da liƙawa.

Shi kansa shafin kamfanin a sa masa tsaro na biyu da Google Authenticator, ba saƙon tes ba, saboda masu sace layi. Wanda ya shiga shafinki ba abin da zai taɓa sai adireshin biya, ya zauna ya jira ƙarshen wata. Asusun banki sai ya dace da sunanki, adireshin kirifto ba shi da suna. A leƙa shi kwana biyu kafin kowace ranar biya.

Abu Hanif:
Hajiya, ga adadinki, ni zan jera su haka: in kamfanin yana biya ta ACH, asusun Amurka na manhaja ne farko, saboda takardar shaida da kwanciyar hankali sun fi dubu shida. In zaɓin SWIFT ne ko USDT kawai, ki ɗauki USDT ki sayar wa kamfani mai rajista. SWIFT sai kamasho ya haura dala 1,500 ko 2,000, ko kuma kina son ajiye dalar a banki.

Injiniya:
Ni zan sa USDT a farko ga wanda ya iya, don manhajojin nan ma suna rufe asusu su ce ana bincike, kuɗinka a ciki wata guda ba mai amsa maka sai na'ura. Amma na yarda ba da shi sabon shiga zai fara ba.

Maman Ilham:
Tambaya ta ƙarshe. In mutum ya fara da ɗaya, zai iya sauyawa a tsakiyar wata?

Abu Hanif:
Zai iya, amma ba dab da ranar biya ba. Kamfanoni da yawa suna dakatar da biya na kwana biyu ko uku bayan an taɓa bayanan karɓar kuɗi, wasu su sake neman katin shaida, kuma in an riga an rufe lissafin wannan zagayen, tsohuwar hanyar za su bi. Ki sauya washegarin ranar da kuɗi ya shigo, ki duba mafi ƙarancin biya na sabuwar hanyar don kada ya fi abin da kike samu, kuma kada ki rufe tsohon asusun sai biya ɗaya ya sauka a sabon.